Yadda Ake Karanta Takardar Gwajin Hayaƙin Tsohuwar Mota Kafin a Tafi Magazin Sayen Kaya

Yawancin motocin da muke hawa a Kumasi sun sha aiki a Turai ko Amurka ko Koriya kafin su sauka a tashar Tema. Daga nan kuma su ƙara shekaru a cunkoson Kejetia da ƙurar hunturu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan aka zura wa irin wannan mota na'urar awon hayaƙi a salansa, a tashar gwajin da DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci ta Ghana, ta amince da ita ko a garejin da ke da na'urar, takarda ta fito da lambobi marasa daɗin gani. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya. Mutum ya naɗe takardar ya jefa a aljihun mota, ya wuce Suame Magazin, unguwar gareji da kayan mota ta Kumasi, a ce masa katalis, wato gwangwanin tace hayaƙi da ke jikin salansa, shi ne ya mutu, ya ƙirga kuɗi ya biya, bayan wata biyu matsala ta dawo. Alhali takardar nan ta riga ta nuna inda ciwon yake, in da an karanta lambobin tare da juna. Lamba ɗaya ita kaɗai ba ta faɗin komai.

Da farko, ka san baƙin da ke kan takardar

Motar fetur ana auna mata abu huɗu ko biyar, na'urar kuma ta yi amfani da su ta lissafo wani ƙari, wato lamda.

CO iska ce mai guba da ke fitowa idan mai ya ƙone rabi da rabi saboda ƙarancin iska. Ana rubuta ta da kashi cikin ɗari. HC shi ne man da ya shiga inji ya fita ɗanye, wuta ba ta ci shi ba, ana rubuta shi da ppm, wato kashi cikin miliyan. CO2 alamar cikakkiyar ƙuna ce, kuma a wannan takarda yawanta abin so ne: injin fetur mai lafiya yakan ba da kashi 13.5 zuwa 15 cikin ɗari. O2 ita ce iskar shaƙa da ta rage ba a yi amfani da ita ba. Iskar da muke shaƙa tana da kashi 20.9, amma a bakin salansar mota mai lafiya bai kamata ta kai 1 ba, a tsohuwa mai kafireta kuma a yi mata uzuri zuwa 2. NOx na fitowa ne idan zafin cikin silinda ya wuce kima, kuma ba kowace na'ura ke auna shi ba.

Sai lamda, wadda wani lokaci ake rubuta ta da alamar λ. Fetur na son iska giram 14.7 ga kowane giram ɗaya na mai. Idan haɗin ya zo daidai, lamda 1.00 ce. Ƙasa da haka mai ya yi yawa, sama da haka iska ta yi yawa. Kamar murhun gawayi ne: ka toshe masa ƙofar iska ya yi ta turnuƙe gida, ka cika masa fifita da gawayi kaɗan wutar ta riƙa mutuwa tana tashi.

Mataki na ɗaya: shin takardar ma gaskiya ta faɗa?

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ceton kuɗi.

Ka tambayi kanka ko injin ya yi zafi sosai lokacin da aka auna. Katalis ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, kuma inji mai sanyi da gangan yake shan mai da yawa. Motar da aka kashe ta ta yi awa guda a layi, aka tayar aka auna nan take, za ta iya faɗuwa gwaji ba tare da tana da wata cuta ba. Kafin ka shiga layi ka ba ta tafiyar minti ashirin a hanya mai sarari, misali hanyar Ejisu ka dawo, kuma in layin ba mai tsawo ba ne ka bar ta tana sulo.

Bayan haka ka haɗa CO da CO2. A motar fetur jimlarsu takan faɗo kusa da 15. Idan ka ga CO 1.0, CO2 kuma 8.0, jimla 9 ke nan, O2 kuma ta haura 6 ko 7, to iskar waje ce ke shiga awon. Ko salansa ta ɓule, ko gaskit ɗin mahaɗa ya ƙone, ko kuma ba a zura bututun na'urar ciki sosai ba. Irin wannan takarda tana rage laifi a wani wuri ta ƙara a wani: CO da HC su fito ƙanana fiye da yadda suke, lamda kuma ta yi tsalle sama kamar injin na yunwar mai. Akwai lissafin gyara mai sauƙi. Ka ninka CO sau 15, ka raba da jimlar. A misalin nan, 1.0 sau 15 a raba da 9 ya ba da kusan 1.7, kuma wannan ce ainihin CO ɗin motar. Gane ɓula ba wuya. Da safe, inji na sulo, wani ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, kai kuma ka durƙusa ka saurara. Za ka ji fis-fis a inda take yoyo, sau da yawa ma za ka ga baƙin toka ya zana layi a gefen walda. A liƙe wurin tukuna, a sake awo, sannan a yi maganar sauran.

Direbobin tasi da suka mayar da mota kan iskar gas su lura: dole mai awo ya canza wa na'urar nau'in mai, domin haɗin gas ɗin girki da iska ya kai kusan 15.5 ga 1, CO2 ɗinsa kuma ya fi na fetur ƙasa kaɗan. In an bar na'urar a kan fetur, lamda za ta karkace.

Mataki na biyu: wane zamani motarka ta fito?

Ba a auna tsohuwar Datsun ko Peugeot 504 mai kafireta da ma'aunin Corolla ta 2008. Iyakar da aka ɗora wa motarka takan fito a kan takardar, gefen lambar da ta samu. In ba a buga ba, ka tambayi mai awon cikin ladabi: "Maigida, don Allah wace iyaka aka sa wa wannan motar?" Haƙƙinka ne ka sani.

Don ka sami abin kwatance, ga yadda Ingila ta tsara nata gwajin shekara-shekara. Motar da aka fara hawa tsakanin 1975 da 1986 an yarda mata CO har 4.5, ta 1986 zuwa 1992 kuma 3.5, HC ga duka biyun 1200. Motoci masu katalis ana auna su sau biyu, a sulo da kuma a juyi 2500 zuwa 3000 a minti. A juyi mai sauri CO ba ta wuce 0.3, ga na baya-bayan nan 0.2, HC ba ya wuce 200, lamda kuma tsakanin 0.97 da 1.03. Wannan dokar Ingila ce, amma tana nuna maka tazarar da ke tsakanin zamani biyun. Kuma iyaka daban, lafiya daban. Mota mai kafireta da aka saita da kyau takan zauna a CO 1 zuwa 2.5 da HC ƙasa da 400. Wadda ta ba da HC 1100 ta haye gwaji, amma tana zubar da mai a titi.

Mataki na uku: karanta su tare

A nan aikin yake. Ka ɗora yatsa a kan lamda, sannan ka dubi CO, HC da O2 a jere.

*Lamda ƙasa, CO sama, O2 kusan sifili.* Misali CO 3.5, HC 350, CO2 12.5, O2 0.3, lamda 0.90. Mai ya yi yawa. Lamda 0.90 na nufin injin na haɗiye fetur fiye da buƙatarsa da kusan kashi ɗaya cikin goma, wato a kowace lita goma da ka saya, kusan ɗaya asara ce. Ka fara da mai araha. Buɗe akwatin matatar iska. Bayan hunturu, a motar da ke zirga-zirga tsakanin Aboabo da Tafo, za ka tarar takardar matatar ta koma ja, ka buga ta a ƙasa ƙura ta tashi. A canza ta, busa kawai ba ya isa idan ta jiƙe da maiƙo.

Na biyu, kuma wannan ina so a saurare ni da kyau, tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi. Al'ada ce da ta yi kaka-gida a garejinmu: mota na sauka daga Tema a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayarwa, wai ƙasarmu akwai zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 95 na ruwa. In ruwan ya tsaya a 60, kwamfutar mota tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da ƙara mai. CO ta hau, fulogi su yi baƙi, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai, katalis kuma ya gasu a hankali. In allurar zafi ba ta taɓa kaiwa tsakiya ba ko a cunkoson Anloga, ka tambayi masta kai tsaye ko tamostat na nan. Idan mota na zafi, lagireto za a wanke, a duba famfon ruwa da murfi.

In waɗannan biyun lafiya, sai a duba sensar zafin ruwa, sensar iskar da ke shiga, injekta mai ɗiga, da sensar O2 da ke ɗaure a salansa kafin katalis. Irin ta tsofaffin motoci, idan tana da rai, wutarta takan yi ta lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Wadda ta tsaya cik ko take motsi a kasalance ta tsufa. A mota mai kafireta kuwa, cok da ya maƙale a rufe, ko fulot da ya huje ya nutse, ko allurarsa da ta cinye, su ne waɗanda ake fara tuhuma.

*Lamda sama, CO ƙasa ƙwarai, HC sama, O2 sama.* Misali CO 0.1, HC 600, CO2 12, O2 3.5, lamda 1.15. Mutane kan ruɗe a nan, su ga HC ya hau su ce mai ya yi yawa, su sa a ƙara rage shi. Akasin haka ne. Iska ta yi yawa har wuta na kasa kama haɗin, sai man ya fita ɗanye. Injin kan yi rawa a sulo, wani lokaci ya mutu a danja. Ka nemi tiyon iska da ya tsage, gaskit ɗin manifol, famfon mai da ya gaji, matatar mai da ta toshe, ko injekta da datti ya cushe. Wata alama mai amfani: in lambobin sun lalace a sulo amma sun gyaru a juyi 2500, ɓular iska ce kusan kullum, domin in an taka totur iskar da ke satar hanya ba ta kai a kula da ita ba.

*HC ya yi tashin gwauron zabi, CO ba laifi, O2 wajen 4 ko 5.* Misali HC 1800. Silinda ɗaya ba ta ƙonawa. Lissafin a fili yake: a inji mai silinda huɗu, in ɗaya ta mutu, rubu'in iskar da ta shiga zai fita ba a taɓa shi ba, rubu'in 21 kuwa ya ɗan haura 5. Ciro fulogi huɗun ka jera su a kan kwali yadda suke a inji. Mai lafiya launin ƙasa-ƙasa ne a bushe. Baƙi mai laushi kamar toka, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na hawa. Jiƙaƙƙe mai warin fetur, wuta ba ta zuwa, sai a bi waya da kwail. In wuta lafiya lau, a auna kwamfureshin. Silindar da ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari tana da magana. A zuba mata ɗan cokalin baƙin mai ta ramin fulogi a sake awo: in ta tashi, ringi ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit ɗin kai. Kada ka ci gaba da hawan mota a wannan hali, musamman in fitilar inji tana ƙiftawa. Ɗanyen man da ke fita cikin katalis yake ƙonewa, har ya narkar da shi.

*Lamda daidai, amma CO da HC sun ɗan haura.* Misali lamda 1.00, CO 0.7, HC 220, CO2 14, O2 0.7, inji kuma na tafiya sumul, ya yi zafi yadda ya kamata. Wannan ne kaɗai yanayin da nake yarda a ambaci katalis da wuri. Injin na yin aikinsa, mai tace hayaƙin ne ba ya yin nasa. Kuma kafin ka ce ya mutu, ka tabbatar yana nan. Cikinsa akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa motoci da yawa ke yawo da gwangwani fanko, an kwashe cikin an mayar da walda tun kafin su zo hannun mai su na yanzu. Sabuwar walda a jikin gwangwanin alama ce, haka ma ƙarar fanko in ka ƙwanƙwasa shi a sanyi. In ka ji kamar tsakuwa na kaɗawa, ya farfashe. Mai na'urar awon zafi zai iya dubawa: katalis mai aiki bayansa yakan fi gabansa zafi.

Ghana ta daina sayar da fetur mai dalma tun ƙarshen 2003, don haka ba shi ke kashe katalis yanzu ba. Abin da ke kashe shi yau shi ne mai da ya yi yawa, silinda mai fashi, baƙin mai da ke ƙonewa, da ruwan lagireto da ke shiga silinda. Wanda ya sa sabo bai gyara waɗannan ba, sabon ma haka zai bi.

*NOx sama.* A taƙaice: bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna, ya toshe da gawayi, ko an kai tayimin gaba da yawa don mota ta yi "ƙarfi", ko inji na zafi, ko haɗin ya yi ƙarancin mai. Yakan zo tare da ƙarar ƙyar-ƙyar a hawan tudu.

Mataki na huɗu: ka nemi shaida ta biyu

Motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da motar fetur ta Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Masu kwamfutar duba mota sun yi yawa yanzu a Magazin. Ka sa a karanta, kuma ka rubuta lambobin da hannunka kafin a goge. P0172 mai ya yi yawa, P0171 iska ta yi yawa, P0300 zuwa P0304 fashin silinda, P0401 EGR, P0420 katalis ba ya tacewa yadda ya kamata. In lambar ta yi daidai da abin da takardar hayaƙi ta nuna, ka kama hanya. In ka ga P0420 tare da P0172 ko P0301, ka fara da P0172 ko P0301 ɗin, domin su ne sanadi. Ka kuma lura ko fitilar inji tana kamawa in ka murɗa makulli kafin tayarwa. Wadda ba ta kamawa sam, akwai yiwuwar an cire ƙwan ne don a ɓoye.

Launin hayaƙi ma shaida ne da ba ya buƙatar na'ura. Baƙi, mai ya yi yawa. Shuɗi-shuɗi, baƙin mai na ƙonewa: in da safe ne kawai ko bayan dogon sulo, robobin bawul ne, in kuma da taka totur ne, ringi. Fari mai kauri da ba ya ɓacewa bayan inji ya yi zafi, ruwa kuma na raguwa a lagireto, gaskit ɗin kai ne.

Masu dizal

Direban Sprinter ko Urvan ba zai ga waɗancan lambobi ba. Duhun hayaƙi ake auna masa, a taka totur har ƙasa a sake sau da yawa a ɗauki matsakaici, a rubuta da kashi cikin ɗari ko da harafin K. A Ingila iyakar tsofaffi K 2.5 ce ga maras tabo (turbo), 3.0 ga mai tabo, 1.5 ga waɗanda aka fara hawa daga Yulin 2008 zuwa ƙarshen 2013. Tunda gwajin na kai inji ƙarshen juyinsa, ka duba baƙin mai da bel ɗin tayimin kafin ka miƙa makulli. Baƙin hayaƙi a dizal daga matatar iska ne, ko nozul da ke fitsari a maimakon feshi, ko tiyon tabo da ya tsage, ko EGR da ya maƙale a buɗe, ko kuma famfon da aka buɗe da gangan don motar ta ja lodi a hanyar Tamale. Tun Yulin 2017 aka rage sinadarin salfa a dizal ɗin da ake shigowa da shi Ghana daga ppm 3000 zuwa 50, wanda ya sauƙaƙa wa injuna sosai, amma bai gyara nozul ɗin kowa ba.

Mataki na biyar: gyara bi da bi, sannan sake awo

Ka je wa masta da takardar a hannu, ka ce masa: "Masta, lamda ta nuna mai ya yi yawa, mu fara da matatar iska da tamostat kafin mu taɓa wani abu." Makanike nagari zai ji daɗin wannan, domin ka rage masa lalube. A gyara abu ɗaya, a gwada, sannan na gaba. Duk kayan da aka cire a ba ka ka gani. In injin ya daɗe yana shan mai da yawa, zaro sandar baƙin mai ka shinshina. In ka ji warin fetur, a yi juye, domin tururinsa na komawa cikin inji ya ɗaga CO da HC.

Akwai dabarar da ba na goyon baya: a murɗe sukurun kafireta mota ta haye, a fito ƙofa a mayar yadda take. CO ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau fiye da 200. Mai sayar da koko a bakin titin Asawase, yaran da ke kujerar baya a motar da salansarta ta ɓule a ƙarƙashinsu, da yaron gareji da ke kwance ƙarƙashin mota, su ke shaƙar abin da aka ɓoye wa na'ura. Saboda wannan dalili ma, kada a bar inji na aiki a rufaffen shago ko gareji.

In an goge lambobin kwamfuta ko an cire batir, ka ba motar kwana biyu zuwa uku na tafiya iri-iri, cikin gari da babbar hanya, kafin ka koma, don kwamfutar ta sake daidaita kanta. Ka koma kan na'urar da ta yi awon farko in da hali, da inji mai zafi, ka ajiye takardun biyu tare da rubuta kilomitar da motar take. Motar haya duk wata shida take sabunta takardar lafiyarta, ta gida kuma duk shekara. In ka jera takardun awo uku ka ga HC na hawa daga 150 zuwa 250 zuwa 400 alhali fulogi sababbi ne, ka sa a auna kwamfureshin tun injin bai fara shan baƙin mai ba.